Azumin da Na Tsare Ƙofar Yaya Habu

Bana azumi ya sake faɗowa cikin bazara. Yaran gidana suna ta kuka da zafi, alhali ga ƙanƙara a kowace kwana, ga fanka mai aiki da hasken rana, ga ruwan leda mai sanyi har a bakin masallaci. Ban ga laifinsu ba, don zafin na gaske ne, ni ma ina jinsa har cikin ƙashina. Amma rabon da watan ya same mu a irin wannan lokaci tun farkon shekarun casa'in, shekarar da yayana Habu ya dawo gida Gure da ɗinki a cikinsa. Allah ya jiƙansa, bai ga girbin waccan shekarar ba. Duk yammar da na zauna jiran kiran magariba sai azumin nan ya dawo mini, kuma abin da ke dawowa ya fi kama da fushi bisa ga baƙin ciki. Na yi istigfari a kansa ba iyaka, har yau bai bar ni ba.

Yaya Habu falke ne. Yana bin kwaruruka na cikin rairayi yana sayen dabino da kanwa, ya kai Najeriya, ya dawo da atamfa da kwanuka. Mutum ne da ba ya iya cewa a'a. Ko ruwan da bai so aka miƙa masa sai ya kurɓa, don kada mai miƙowa ya ji kunya. Ni kuwa, Laminu, tun ina yaro aka san ni da zafin rai. Ko lakwal, makarantar boko, ban gama ba saboda faɗa da mushe, wato malaminmu.

A can Najeriya idonsa ya yi rawaya kamar an zuba masa gangamau. Mai masaukinsa, mutumin kirki, ya kai shi wani babban asibiti. Suka ce ciwon daji ne a jikin wani abu da ke bayan tumbi, likitoci na ce masa pankiriyas. Suka yanke shi, suka ɗebe abin da za su ɗebe, suka ɗinke. Yadda Yaya ya yi mana bayani, abin da aka taɓa shi ne ke narkar da mai a cikin mutum, don haka daga ranar duk wani maiƙo ya zama abokin gabansa. Bayan yankan kuma akwai wani magani da ake sa wa a ƙarin ruwa, shimiyo suke ce masa, wai yana bin sauran ciwon yana ƙonewa. Direbobi ke kawo mana shi daga Najeriya, wani likita a Damagaram ya ɗaura masa. Kowane wata ni ke raka shi.

Ban taɓa ganin maganin da ke cin mai shi kamar wannan ba. In mun dawo, kwanakin farko amai ne. Daga nan bakinsa ya fashe, harshe da dasashi da cikin kumatu duk gyambo fari-fari. Tafin hannunsa da na ƙafarsa suka yi baƙi suna saɓa. In rana ta taɓa fatarsa sai ya ce kamar an goga masa barkono. Sai kuma zawo, wanda ba ya jiran mutum ya kai bayan gida. Da zarar ya fara murmurewa, wata ya cika, mu koma a sake ɗaura masa.

Ana jibi a ga watan azumi muka je. Likitan ya ɗora shi a sikeli, ya daɗe yana kallon allurar. Ya kira ni gefe ya ce mini jikin ya kai iyaka. In muka dawo bayan salla ya tarar ya ƙara ramewa, ba zai ɗaura masa ba, don maganin zai riga ciwon kashe shi. Ya ce babu azumi, babu mai, babu yaji, babu saiwar kowa. Ya ci kaɗan-kaɗan, sau da yawa, ya riƙe abin da ya ci. Wannan ne aikin da aka ba ni na watan: in dawo da yayana Damagaram da ɗan nama a jikinsa.

Daminar da ta gabata ba ta yi kyau ba. Tun kafin azumi mata sun fara shiga rumbu da tsani suna share ƙasansa. Awaki na yawo a kasuwa suna cin kwali. Rijiyar unguwarmu ta yi ƙasa har aka ƙara wa guga igiya, ruwan kuma ya fito da launin ƙasa, sai an bar shi ya kwanta a randa. Zafi kuwa tun hantsi yake sauka. Iska ta taso daga tuddan rairayi kamar daga bakin tanda, yashi ya ƙona ƙafa ta cikin takalmi. Da azahar garin yakan yi shiru, ko jaki ba ya kuka.

Yaya na da lambu a wani kwari gabas da gari, akwai rogo da albasa da itatuwan dabino. Bayan sallar asuba nakan tafi ban ruwa. Ba zan ci haƙƙin mutanen unguwarmu ba: ba ni kaɗai nake zuwa ba. Ba wanda ya roƙe su, suka raba kwanaki a tsakaninsu. Wani ya kama jigon ɗebo ruwa, wani ya buɗe wa ruwa hanya daga fangali zuwa fangali, duka da azumi a bakinsu. Kafin rana ta yi sama mun gama, mu dawo a jere muna jan ƙafa, rigunanmu sun yi farin gishiri. Ina faɗar wannan ne don mutanen da zan yi fushi da su nan gaba su ne dai waɗannan.

In na dawo sai in tarar da Fanna, matar Yaya, a bakin murhu. Babarbariya ce, mace mai tsabta, sana'arta haɗa turaren wuta. Ita ce kaɗai mai hura wuta da rana tsaka a duk unguwar. Takan dama masa kunun gero tsararo, ba tsamiya don tana cin gyambon bakinsa, ba kanwa, ba kome, kuma ba ta da ikon ɗanɗanawa. Mu kwantar da shi a rumfar zana, ta jiƙa tsohon zane ta rataya ta inda iska ke shigowa. Liman da kansa ya zo ya gaya masa azumi bai hau kansa ba, amma duk da haka Yaya ba ya cin abu sai ya juya fuska ga bango. Ni ina bayansa riƙe da moɗa, ina jin ƙarar haɗiyarsa, maƙogwarona a bushe kamar tsohuwar salkar ruwa.

Maƙwabcinmu Alhaji Mutari mai kanti shi kaɗai ke da firigo, wato firji, a unguwar, irin mai aiki da kananzir. Kullum yakan aiko da guntun ƙanƙara a kwano, an rufe da buhu, kuma bai taɓa karɓar ko sisi ba. Yaya ya tsotsa har bakin ya mutu, sannan ya iya haɗiye cokali kaɗan. Ruwan ƙanƙarar da ya narke in na ba shi, sai ya kurɓa ya tofar, ya ce kamar an jiƙa tsatsar ƙusa. Ina kallon ruwan sanyi yana nutsewa cikin yashi. Wata rana da zafi ya hau mini kai na ce masa in ba zai sha ba ya daina zubar mana da shi a gaban ido. Daga ranar ya koma haɗiyewa, sai na ba da baya ya amayar. Wannan maganar tawa ce, ba wanda ya sa ni, kuma ban nemi gafararsa a kanta ba har ya tafi.

Amma duk wannan da sauƙi. Abin da ke rushe mana aiki bayan la'asar yake zuwa, wato 'yan dubiya.

A garinmu ba a zuwa dubiya hannu sake, kuma ba a ajiye abin da aka kawo a tafi. Sai an zauna an ga mara lafiya ya kai bakinsa. Wannan ya zo da nonon raƙumi, wancan da jiƙon saiwa, wata da romon kai mai yana yawo a samansa, wani da ruwan kanwa wai yana wanke ciki. Kowa da labarin wani ɗan'uwansa da likitoci suka sallama, wannan abin ya tashe shi. Yaya ya tashi zaune, ya yi godiya, ya kurɓa. Na gaya musu abin da likita ya ce, da Hausa na faɗa, da Barbarci na faɗa. Su gyaɗa kai su ce gaskiya ne, amma ai wannan ba abinci ba ne, magani ne. Suna fita, mu kama hanyar bayan gida ina tallafe da shi.

Bayan gidan nasa kuwa ba irin na mutane ba ne. Fari-fari yake fita da maiƙo, warinsa ya kama ɗaki da tabarma da tufafi. Saboda haka kafin baƙi su zo Fanna takan zuba garwashi a kasko ta turara ko'ina. Hayaƙin da dā Yaya ke yabo, yanzu yana shaƙa cikinsa zai juya. Na yi mata magana sau ɗaya, sau biyu. Rana ta uku na sa ƙafa na yi fatali da kaskon, garwashi ya watse a tsakar gida. Ta durƙusa tana tsincewa da marfin kwano, ba ta dube ni ba, ta ce, “Ba kai ake zagi ba in mata suka fita suna toshe hanci.”

Wajen tsakiyar wata Inna Amsa ta iso daga Kelle a motar kasuwa. Yayar mahaifiyarmu ce, ita ta yaye Yaya. Ta zo da gora cike da man shanu, a shekarar da shanun kansu da ƙyar suke tsayuwa. Allah kaɗai ya san watannin da ta yi tana tara shi. Ta ga Yaya ta yi kuka, ta shafa haƙarƙarinsa, ta ce likitoci sun kwashe masa kitsen ciki, kuma abin da aka kwashe sai an mayar. Ina lambu ta narkar da man ta kwarara a kunu, ta riƙe masa ƙwarya kamar jariri. Ya shanye. Da na dawo na tarar da shi kwance a ƙofar bayan gida, Fanna na yi masa fifita. Na ɗauki gorar nan na fita da ita waje, na tuntsurar a kan yashi mai zafi. Inna Amsa na tsaye tana kallon man yana narkewa yana shiga ƙasa. Ba ta zage ni ba. Ta ce wa Fanna ashe ƙanwarta, uwarmu, ta haifa wa likita ɗa. Washegari ta koma Kelle.

Daga ranar na ɗauki tabarmata na shimfiɗa a zaure. Duk wanda ya yi sallama in ce masa Yaya na barci. Mai kwano in karɓa in miƙa wa yara, mai gardama in mayar masa da abinsa. Dattawan da suka goya ni na tsayar a ƙofa. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin abin fiye da yadda ya kamata. Mutum mai fushi in ya sami dalili mai kyau, ba ya son ya sake shi.

Kuma abin ya yi aiki, wannan ne ke ƙona mini rai. Ba baƙi, ba turare. Zawo ya lafa. Gyambon baki ya fara bushewa. Fanna ta samo farar shinkafa tana dafa masa har ta yi laushi, da ɗan naman zabo da aka cire wa fata. Ya fara cin rabin kwano. Wata safiya ya tako da ƙafarsa har zaure ya zauna kusa da ni, ya tambaye ni ko albasa ta isa cira, ya yi mini tsiya wai na fi dacewa da aikin gardin ƙofa bisa ga lambu. Na kama damtsensa na ji ba ƙashi kaɗai ba ne.

Ashe a waje wata magana ce ke yawo. A shekarun nan rediyo ya fara maganar sida, cutar ƙanjamau, kowa na tsoro, ba wanda ya san ta sosai. Sai aka haɗa: mutum matafiyi, ya daɗe a Najeriya, ya dawo a rame, ga zawo, ga gyambon baki, ga shi danginsa sun ɓoye shi. Ba wanda ya faɗa mini a fuska. Wanzamin da ke zuwa yi masa aski ya aiko cewa askarsa ta dakushe. Matan da ke sayen turaren Fanna suka ɗauke ƙafa, ga salla na matsowa, lokacin cinikinta. Ƙanƙarar Alhaji Mutari ba ta daina zuwa ba, amma aka ce kada mu wahala da mayar da kwanon, mu riƙe. Na gane, amma na ɓoye wa Yaya. Na ce a raina su yi ta faɗa, in dai sikelin Damagaram zai motsa.

Fanna ce ta kasa. Ta je rijiya, ta ajiye gugarta, mata suka ja nasu gefe don kada igiyoyi su haɗu. Ta dawo da tulu ba ruwa, ta shiga wajen mijinta. Can sai na ji yana kirana.

“Laminu, tun yaushe ka sani?”

Na ce ya kwana biyu. Na ce masa maganar banza ce, bayan salla in ya sami maganinsa ya miƙe, su da kansu za su ji kunya. Saura kwana kaɗan, ya yi haƙuri.

Ya ce, “In na miƙe. In ban miƙe ba fa? Fanna a garin nan za ta zauna bayana, ita da yara. Da wane suna?”

Ya sa aka ɗauko masa taguwarsa mai aiki da hula. A unguwarmu maza a ƙofar Alhaji Mutari suke buɗa baki, kowa ya kawo abin gidansa a haɗa a tabarma ɗaya. Can ya ce in kai shi. Na yi faɗa, na yi magiya, na ce ya je ya gaishe su kawai ya dawo. Ya ce to.

Rana ta yi ja, zafin ƙasa na tasowa ta cikin tabarma. Da suka hango mu hira ta tsaya. Aka yi ta sannu da jiki, aka buɗe masa wuri, wurin ya yi faɗi fiye da na mutum ɗaya. Ladan ya kira salla, aka ci dabino. Ƙwaryar kunu ta fara zagayawa da ludayinta guda, kamar kullum. Kafin ta iso gare shi sai Alhaji Mutari ya fito da sabon kofin roba daga kanti, ya zuba masa nasa daban, ya ajiye a gabansa da hannu biyu, wai don kada a wahalar da mara lafiya da jira.

Yaya ya dubi kofin. Sai ya kama bakin taguwarsa ya ɗaga har wuya. Ni da nake wanke shi na saba, amma su ba su taɓa gani ba. Tabon ya taso daga ƙarƙashin haƙarƙarin dama ya ratsa har hagu, baƙi, da sawun zare a jere, cikin kuma ya lotsa kamar na ragon da aka feɗe.

Ya ce, “Ga ciwona. Ciwon daji ne, wuƙa aka sa aka cire. Ku matso ku duba da kyau, kallo kyauta ne.”

Ba wanda ya motsa. Sai Malam Bukar tela, wanda suka yi karatun allo tare, ya matso ya sunkuya, ya bi tabon da yatsa tun daga farko har ƙarshe. Ya ɗago ya ce, “Habu, wanda ya yi maka ɗinkin nan in ya zo Gure da yunwa zai kwana. Ko buhun albasa ba na ba shi.”

Aka fashe da dariya, irin dariyar mutanen da aka sauke wa kaya. Har ni na yi. Alhaji Mutari ya sa hannu ya janye kofin ya tura bayansa. Ya miƙa wa Yaya ludayi, Yaya ya sha, ya miƙa wa na kusa, shi ma ya sha. Da a nan aka tsaya, da ban rubuta wannan ba.

Bayan salla aka buɗe akussa. Ranar Alhaji ya yi yanka. Burabusko ne da miyar yakuwa, man shanu na kwance a kai kamar tafki, ga kitse gunduwa-gunduwa, ga ƙosai a gefe. Alhaji ya jawo akushin da kansa har gaban Yaya, ya ce bismilla, yau sai ya sa hannu tare da su. Kowa ya zuba ido. Na fahimci abin da Yaya ya riga ni fahimta: in ya janye hannu yanzu, gobe za a ce shi ma ya san abin da yake ɗauke da shi. Na kama wuyan hannunsa. Na ce wa jama'a likita ya hana shi mai, na sha gaya musu. Wani ya ce haba, loma ɗaya. Wani ya ce ni ne na mayar da shi haka da kunun ruwa. Yaya ya yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji, ya ce, “Sake ni, ƙanena.”

Na sake shi.

Ba loma ɗaya ba ce. Kowa na so ya wanke kunyarsa, kuma da kitse suka wanke ta. Wannan ya tura masa tsoka mai mai, wancan ya ce ga ta wajena, ai ba za ka ci ta Alhaji ka ƙi tawa ba. Yaji na cin gyambon bakinsa, ina ganin ruwa na taruwa a idonsa, yana murmushi yana haɗiyewa. Mutanen nan sun ja masa jigo da azumi a bakinsu, suna ƙaunarsa, ban yi shakka ba. Amma a cikinsu babu ko ɗaya da ya tsaya ya tambaya me cikin nan da suka gani yanzu yake iya ɗauka. Na zauna hannuna a cinya, ban ci ko loma ba.

Bai kai gida ba abin ya fara. Daga ranar har salla bai ƙara riƙe kome ba, ko ruwan shinkafa. Idonsa ya faɗa, fatarsa in an ja sai ta tsaya. Manjo, babban mai jinya na asibitin garinmu, ya zo ya ɗaura masa ruwa a gida, ya rataya kwalbar a azarar rumfa. Yaya kuma ya hana ni komawa zaure, ya ce ƙofarsa a buɗe take. Sai dubiya ta dawo fiye da dā. Har da masu ɗaukar moɗarsa su sha a gabansa don a gani. Mata suka dawo sayen turare, wanzami ya zo da aska mai kaifi. Ranar idi ina jin kabbara daga nesa, ina wanke zannuwansa a bayan ɗaki.

Bayan salla muka shiga motar Fijo zuwa Damagaram, na saya masa kujerar gaba don ya miƙe ƙafa. Likitan ya ɗora shi a sikeli. Wannan karon bai daɗe yana kallo ba. Ya duba idonsa da bakinsa, ya sa aka ɗebi jini, da yamma ya kira mu. Ya ce ba zai ɗaura ba. Mu koma gida, in ya yi ƙarfi mu dawo. Yadda ya faɗi maganar yana tattara takardunsa, mu duka ukun mun san ba dawowa. Ya tambaye ni cikin fushi me ya faru, ko barinsa muka yi ya yi azumi. Na ce e. Ya fi mini sauƙi bisa ga in yi masa bayanin akushi.

A hanyar dawowa direba ya tsaya a Gidimuni shan ruwa. Mutane suka sauka sayen rake, muka rage mu biyu a mota, ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa don zafi. Na ce masa ina isa gida zan tsaya a ƙofar Alhaji in gaya wa unguwa duka abin da suka yi, ɗaya bayan ɗaya, da sunansu. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce in muka isa in ce an gama magani, likita ya ce ya huta a gida.

Na ce ba zan iya ba.

Ya ce, “Za ka iya. In ka ce abincinsu ne, Alhaji ba zai ƙara iya haɗa ido da Fanna ba. Kunya za ta sa su guje ta, kamar yadda tsoro ya sa. Kai kuma ba za ka iya ja mata jigo kai kaɗai ba.” Ya rufe ido. Can ya ƙara da cewa ni ne ƙarami, kuma bai taɓa roƙona kome ba.

Mun isa Gure ana kiran la'asar. Labari ya riga mu, ƙofar gida cike da mutane. Aka kama Yaya aka shiga da shi, ni na tsaya a bakin zaure. Suka yi ta tambaya, na ce an gama magani, likita ya ce ya huta. Aka yi ta barka, ana shafa fatiha, ina amsawa. Malam Bukar tela ne kaɗai ya dube ni ya daɗe, sannan ya sunkuyar da kai ya wuce.

Daga ƙarshe Alhaji Mutari ya iso, fuskarsa cike da fara'a, ɗauke da akushi da hannunsa, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. An rufe da faifai, mai ya jiƙa gefen faifan yana ɗiga a yatsunsa. Ya ce, “Ai na faɗa musu, Laminu. Tun ranar da ya sa hannu a abincin mutane na san ya kama hanyar lafiya.”

Na dubi akushin, na dube shi.

Na ce, “Haka ne, Alhaji.” Na matsa gefe, ya shiga.